Daga Ƙonni zuwa Tawa a kan keke, ta duwatsun Adar

Hanya biyu ce take kai mai keke daga Birnin Ƙonni zuwa Tawa. Ta farko ita ce wadda motoci suka fi bi: a Tsarnawa a juya arewa, a ratsa Badagishiri, kilomita kamar 130 ke nan. Ta biyu kuwa zagaye ce mai nisa, wato a miƙe gabas har Madawa, a hau Buza, a wuce Keita, a biyo ta Tamaske. Wannan ta zarce kilomita 250, kuma wanda ya yi niyyar bin ta shi kaɗai a cikin bazara sai ya ware kwana 4 ko 5.

Ranar farko ba ta da wuyar hawa. Kwalta ce, mai keke yana wuce Malbaza da gidan simintinta, ya iso Galmi inda albasar da ta yi suna har ƙasashen waje take jibge cikin buhuna a bakin hanya. Abin tsoro a nan manyan motoci ne, domin iskar da suke turowa tana iya jefa keke cikin rami. Mai hankali in ya ji ƙararsu a bayansa, sauka yake yi gefe ya ba su wuri.

Daga Madawa in an fuskanci arewa, ƙasa takan sake kama. Adar fako ne mai jan dutse wanda ruwan sama ya tsattsaga tun zamanin da, ya bar kwaruruka masu zurfi a tsakani. Saboda haka tafiyar duka hawa ce da gangara. A wurin hawa, wanda ya san kansa yakan sauko ya tura keken da hannu, kuma babu kunya a ciki, gama ƙarfin da aka ɓarnatar a kan tudu ɗaya da hantsi ba ya dawowa kafin dare. Gangara ta fi hawa haɗari. Keke mai kaya yana gudu fiye da yadda mai shi yake so, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin taya, sa'an nan a gindin kwari yashi yana jira, wanda yake kama ƙafar gaba ya kifar da mutum. Ga kuma ƙayar aduwa da tsidau. Wanda ya fito ba faci, ba famfo, ba abin ɗaure sarƙa, ya shirya tafiyar ƙasa yana jan ƙarfe.

Amma babban lissafin wannan tafiya na ruwa ne. A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, kuma mutumin da yake taka keke cikin irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya. Lita guda kuma nauyinta kilo guda ne. Wanda ya ɗora lita 10 ya ƙara wa kansa kilo 10 da zai haura da su kowane tudu. Wanda ya rage domin sauƙi ya sa ransa a hannun rijiyar gaba, wadda mai yiwuwa ta ƙafe. Shi ya sa ake tambaya a kowane ƙauye ina ruwa na gaba yake. Gumi yana fita da gishiri, don haka ruwa kaɗai ba ya isa: a lita guda ana zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A nan ne kaɗaici yake da tsada. Zafi in ya fara cin mutum, da ciwon kai yake somawa, da jiri, da tashin zuciya, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja. In aka ci gaba, hankali ne yake rikicewa, kuma wanda hankalinsa ya rikice ba ya sanin ya rikice. Masu tafiya biyu, ɗaya yakan lura da ɗan'uwansa. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da mai lura sai ƙa'idar da ya ɗora wa kansa tun gida: tashi bayan sallar asuba, sauka kafin ƙarfe 11, komawa kan keke bayan la'asar, ko da jiki yana cewa da saura.

Waɗannan awoyi na tsakar rana a ƙauye ake yin su. Baƙo yakan yi sallama ƙofar maigari, ya faɗi inda ya fito da inda za shi, a ba shi ruwa da tabarma, sau da yawa har da fura. Wannan gabatar da kai ya ƙara zama wajibi a ƴan shekarun nan, da ƴan bindiga suka addabi waɗansu sassan jihar Tawa. Dole a nemi labarin hanya wurin hukuma, kuma kada dare ya riski mutum a daji.

Inuwar da matafiyi yake samu a kwarin Magiya, wajen Buza, mutane ne suka dasa ta. Daga 1975, bayan farin 1973, ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE da manoma suka jera dogon yaro layi biyu-biyu a cikin gonaki, domin su karya iskar da take kwashe ƙasa. A Keita kuma, aikin da aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO ya bar jerin duwatsu da ramuka a jikin tuddai, masu tare ruwan sama, da miliyoyin itatuwa. Mata ne suka ɗauki mafi yawan waɗannan duwatsu a ka. Mai mota yana wuce su cikin ƙura bai kula ba, amma wanda yake tura keke a gefensu yana da lokacin ƙidaya su.

Daga Keita zuwa Tawa yamma aka nufa, kuma a ƙarshen bazara iska takan juyo daga kudu maso yamma, ta bugi mai keke a fuska. In hadari ya haɗu a kan tuddai, busasshiyar ƙoramar da ya ƙetare jiya tana iya cika cikin ɗan lokaci, ko da ɗigo bai sauka a inda yake tsaye ba. Sai ya jingine keke a kan tudu, ya jira ruwan ya wuce.