Yadda Ilimin Girkawa Ya Shiga Gidajen Romawa

A shekara ta 146 kafin miladiyya, sojojin Roma ƙarƙashin Mummiyus suka ƙone birnin Korinti, suka sayar da mata da yara bayi, suka kwashe gumaka da zane-zane zuwa gida. Amma tun kafin wannan ɓarna, Girkanci ya riga ya samu gindin zama a gidajen manyan Roma, kuma sau da yawa a bakin bayi da fursunonin yaƙi ya shigo.

Libiyus Andaronikus, Bagirke ɗan Tarentum a kudancin Italiya, shi ya juya waƙar Odisi ta Homa zuwa Latin, ya kuma shirya wasan kwaikwayo a Roma a 240 kafin miladiyya. Bayan yaƙin Pidina na 168, aka kai mutum dubu daga manyan Akaya ta ƙasar Girka zuwa Italiya a matsayin garkuwa. Cikinsu akwai Polibiyus, wanda ya rubuta tarihin ɗaukakar waɗanda suka tsare shi. Abin da ciwo: al'ummar da aka rusa wa birane ita ke koyar da 'ya'yan masu rusawar.

Me ya ja Romawa? A ganina buƙata ta fi sha'awa ƙarfi. Mai neman muƙami a Roma sai ya iya magana gaban majalisa da kotu, kuma fasahar jawabi a hannun Girkawa take. Shi ya sa Shisharon, shahararren mai jawabi na Roma, ya tafi Atina da tsibirin Rodas neman ilimi a 79 kafin miladiyya. Haka likitanci: Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, daga Fargamum ya zo ya zama likitan sarakunan Roma.

Ba kowa ya yi na'am ba. A 155 kafin miladiyya masanin falsafa Karniyadis ya zo Roma cikin jakadun Atina, yau ya kare adalci, gobe ya rushe hujjojin da ya kafa jiya. Samari suka yi ta tururuwa zuwa sauraronsa. Dattijo Kato ya matsa wa majalisa ta sallami baƙin da gaggawa, don tsoron kada matasa su fifita iya baki a kan biyayya ga doka. Tsoronsa ba na banza ba ne, sai dai alƙalami ya riga ya bushe.

Romawa ba kwaikwayo kawai suka yi ba. Mawaƙi Barjil ya ɗauki salon Homa ya gina labarin asalin Roma da shi, kuma a fannin shari'a da shimfiɗa hanyoyi sun tsere wa malamansu. Duk da haka, Sarki Markus Oreliyus da Girkanci ya rubuta tunane-tunanensa na sirri. Gabashin daular kuwa bai taɓa sakin harshen ba. Rumawan da muke karantawa a Suratur Rum, waɗanda suka gwabza da Farisa a zamanin Hirƙal, Girkanci suke yi a Ƙusɗanɗiniyya, alhali suna kiran kansu Romawa.