Tsamin haƙori: a toshe rami, kada a cire haƙori

Yankin Gaya, a jahar Doso, kan iyakar Binin da Najeriya, ƙasar rake ce da mangwaro da lemu. Amma da yawa ba sa morar wannan albarka: da sun gatsa rake, ko sun kurɓi ruwan randa, sai tsami ya ratsa haƙori kamar allura. Wasu su daure, wasu su nemi mai cire haƙori. To, jama'a, wannan ciwo yana da magani.

Haƙori yana da ɓawo mai tauri. A ƙarƙashinsa akwai dubban ƙananan ramuka masu ɗauke da ruwa, waɗanda suke kaiwa ga jijiya. Idan ɓawon ya zaizaye, ko dasashi ya ja baya, sai ramukan su buɗe. Sanyi ko zaƙi ya motsa ruwan, jijiya ta amsa. Gugar haƙori da gawayi ko toka, da dirzar asuwaki da ƙarfi, da yawan shan tsami, suna cikin abubuwan da ke kawo haka.

Ke nan maganin shi ne a toshe ramukan. A 1969 wani masani a Amurka, Larry Hench, ya ƙirƙiro wani irin gilashi domin gyaran ƙashi. Yau ana zuba garinsa cikin wasu man goge haƙori. Idan ya haɗu da miyau sai ya shimfiɗa sabon rufi a bakin ramukan. Akwai kuma siminti na haƙori, da wani ruwan azurfa mai fuloraid da likita ke ɗigawa, ko da yake yana baƙanta wurin da ya ruɓe. A 2021 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa waɗannan biyu cikin jerin magungunan da suka wajaba a samu. Amfaninsu ga karkara babba ne, domin ana aiki da su ba tare da lantarki ba.

Sai dai a kula: tsamin da muke magana yakan wuce nan take. Ciwon da ya daɗe, ko ya hana barci, ko ya zo da kumburi, alamar ruɓewa ce, man gogewa ba ya warkar da shi. Mai irin wannan ya hanzarta zuwa gidan likita, domin haƙorin babba in ya fita ba ya sake tsirowa.