Damina Ba Ta Wanke Gubar Dalma Daga Ƙasa

Tun watan Afrilun 2024 da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da ɓullar wata cuta a ƙaramar hukumar Isa, zancen guba a cikin ƙasa ya shiga bakin mutanen gabashin Sakkwato. Mutum 164 aka lissafa a lokacin, mafi yawansu yara 'yan shekara 4 zuwa 13, ciki ya kumbura da ruwa, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama, huɗu kuma Allah ya yi musu rasuwa. Hukumar ta ce gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin waɗanda suka fara kwanciya. Daga baya aka samu masu irin ciwon a Sabon Birni.

Duk inda aka tayar da wannan magana, daga ƙauyen Kamarawa na Isa har bakin iyaka, akwai amsar da ke saurin fitowa: ai wurin da aka taɓa niƙa dutsen zinariya ko zubar da dattin sana'a, in an yi damina biyu ko uku, ruwa ya wanke shi. Wannan zato shi ya fi damuna, domin da shi ake mayar da tsohon wurin niƙa filin wasan yara.

Taki yana ruɓewa, kara yana ruɓewa, amma dalma ƙarfe ce, ba ta ruɓewa, rana kuma ba ta ƙona ta. Garinta yana manne wa laka da ruɓaɓɓen ganye a saman ƙasa. Kamar yadda mace ke tace kamu, ruwa ya bi ta ƙyalle ya wuce, dusa ta zauna a sama, haka ruwan sama ke nutsewa ya bar dalma a 'yan santimitocin farko, daidai inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Abin da ambaliya ta ɗauka kuwa wuri kawai ta sauya masa, ta kai shi kududdufi ko fadama. Da rani ya yi, lakar ta bushe, iskar hunturu ta ɗebe ta ta watsa a tsakar gida, ko magina su haƙa su buga tubali da ita, guba ta koma cikin bangon ɗakin kwana. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, ta taɓa ƙwaƙwalwa, wanda ya rayu ma sau da yawa karatu ya yi masa wuya.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga wannan da idonsu. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gida da injin niƙan hatsi. Yara sama da 400 suka rasu. A wasu gidajen, dalmar da aka auna ta haura miligiram 100,000 a kowane kilo na ƙasa, alhali ma'aunin Amurka na lokacin 400 ne. An fitar da injinan daga gidaje, amma gubar na nan. Sai da aka bi gida-gida da fartanya da shebur aka kankare saman ƙasa, aka kwashe aka binne a manyan ramuka a bayan gari, aka zubo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Likitoci ba su fara bai wa yaro magani ba sai an gyara gidansu, don in ya koma cikin ƙurar, jinin zai sake cika. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, yaransa suna ta wasa a cikin gubar duk tsawon wannan lokaci. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Kuromiyam kuwa halinta daban. Nau'inta mafi haɗari yana narkewa a ruwa, ya bi rairayi ya gangara. A fadamun Rima, inda ruwa ke kusa kuma rijiyoyi ba su da zurfi, wannan na nufin a gwada ruwan rijiya tare da ƙasar tsakar gida.

Rashin tsaro ya sa shiga ƙauyukan Isa da Sabon Birni da wuya, kowa ya sani. Amma ɗibar ƙasa a leda a kai ɗakin gwaji bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba, kuma iyayen da aka ɗebi jinin 'ya'yansu suna da haƙƙin jin sakamako da Hausa, a rediyo da fadar hakimi. Mu ma da namu: duk wurin da aka san an taɓa niƙa ko wanke dutse, a kewaye shi, a hana haƙar ƙasar gini da shayar da dabbobi a can, a kuma wanke wa yara hannu kafin cin abinci, har ranar da masu gwaji za su zo su auna.