Ciyawar da Ta Gagari Magani a Gonakin Amurka

Daga cikin ciyayin da Allah Ya jarrabci manoman Amurka ta Arewa da su, babu wadda ta koya musu darasi a wannan zamani kamar wadda suke kira hoswid, masana tsirrai kuwa suka raɗa mata Conyza canadensis. Domin ko da yake 'yar ƙasar ce tun asali, tana fitowa a bakin hanya da saurukan da aka bari, ba ta zama musiba ga ma'abota waken suya da masara da auduga ba sai da yanayin noman kansa ya sauya.

Ɗabi'arta ita ce ta tsiro da kaka ko farkon bazara, ta shimfiɗa ganye a ƙasa tana laɓe har sanyi ya wuce, sa'an nan ta miƙe da kara guda wanda kan kai tsayin mutum. Tushe ɗaya yana iya zubar da iri har 200,000, kowace ƙwaya da ɗan gashinta wanda iska ke ɗauka ta kai ta gonaki masu nisa. Amma irin nan, saboda ƙanƙantarsa, ba ya iya fitowa idan ƙasa ta binne shi, shi ya sa muddin ana huɗa da garma ba a damu da ita ba.

Da manoma suka koma shuka ba tare da huɗa ba, don kare ƙasarsu daga zaizaya da rage kuɗin mai, sai suka ɗora nauyin kashe ciyawa duka a kan maganin feshi, musamman gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa da sunan Roundup a 1974. A 1996 kuma aka fito da irin waken suya wanda wannan magani ba ya yi wa illa, har ya zama manomi na fesa shi kafin shuka, ya kuma fesa bayan tsiro, shekara bi shekara. A 2000, a jihar Dalawa, aka tarar da hoswid da ta sha feshi ta tsaya kyam, kuma cikin 'yan shekaru al'amarin ya bayyana a Tenesi da Ohayo da Indiyana.

Sababin wannan kuwa ba ɓoyayye ba ne ga mai tadabburi: a cikin dubban tsirrai ba a rasa ɗaya da aka halitta da juriya, kuma duk lokacin da magani guda ya hallaka 'yan uwanta ya bar ta, ya share mata fili ne ta hayayyafa, har zuriyarta ta gaje gonar baki ɗaya.

Abin da malaman gona suka yi ittifaƙi a kansa shi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a fesa wa ciyawar magani tana shimfiɗe, kafin ta wuce santimita 10, domin da zarar ta yi kara maganin ba ya cin ta sosai. Kada kuma a dogara ga magani ɗaya, a haɗa ko a riƙa sauya waɗanda hanyar kisansu ta bambanta da ta gilaifoset, irin su 2,4-D ko daikamba, da gulufosinet, tare da wanda ke zama cikin ƙasa ya hana sabon tsiro, kamar metiribuzin, a kuma kiyaye adadin kwanakin da takardar maganin ta shar'anta tsakanin feshi da shuka. Bayan haka suna horo da sauya amfanin gona, da shuka hatsin rai da kaka don ya rufe ƙasa ya hana ta haske.

Gilaifoset ɗin nan shi ne a yau cikin famfunan feshin manomanmu da yawa, kuma sunnar Allah a kan tsirrai ba ta bambanta tsakanin ƙasa da ƙasa. Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ka ga ciyawa ta tsira daga feshinka, wajibi ne ka sa fartanya ka cire ta kafin ta yi iri, sa'an nan ka nemi shawarar malamin gona kan sauya magani.