Mai Gigin Tsufa Ma Tana Da Haƙƙin Jinya

 

Yau maganarmu a kan tsohuwar nan ce ta ɗakin ƙurya, wadda ta ci tuwo yanzu ta ce ba a ba ta ba, ko ta kira ki da sunan 'yar'uwarta da ta rasu tuntuni. Mukan ce gigin tsufa ne, mu yi dariya. To, 'yar'uwa, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba tsufa kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfi. A hankali yake ci, har mutum ya kasa tafiya, ya kasa magana, ya kasa haɗiye abinci.

Idan ciwo ya kai inda ba a sa ran warkewa, akwai jinyar sauƙaƙawa, wato a rage wa majinyaci zafi, a tsaftace shi, a kuma tallafa wa masu jinyarsa. Wata likita, Cicely Saunders, ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967, amma masu ciwon daji aka fi yi dominsu. Su kuwa masu gigin tsufa sai aka bar su a baya.

Me ya jawo haka? Na farko, ba a iya kintatar ƙarshen ciwon. A Amurka, inshorar gwamnati ta tsofaffi ba ta biyan wannan jinya sai likita ya shaida cewa, a ganinsa, saura wata 6 ko ƙasa da haka. Mai gigin tsufa kuwa tana iya shekaru a kwance. Na biyu, ba ta iya cewa "nan ke min ciwo", sai a ɗauka lafiyarta lau. Na uku namu ne: ba ma ɗaukarsa ciwo. Wasu su ce aljanu ne, wasu har su jefe ta da maita, wa'iyazubillahi. Ga shi mai jinyar, wato ke, ba fita kike yi ba, balle ki nemo taimako.

Gyara yana yiwuwa. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta fara aikin a 1993, ma'aikatan jinya suna bin marasa lafiya har gida. A 2004 ƙasar ta yarje wa nas-nas da suka sami horo su rubuta maganin zafin ciwo mai ƙarfi. A Nijeriya ma asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan jinya a 2007. Abin da ya dace da mu ke nan: jinya ta iske tsohuwa a ɗakinta.

Kafin nan, ga naki. Ki zama bakinta. In kin ga tana yamutsa fuska, tana nishi, ko tana faɗa idan an taɓa wani wuri lokacin wanka, mai yiwuwa zafi take ji. Ki riƙa juya mata kwanciya kamar bayan awa 2, don kada gyambo ya fito. Ki zaunar da ita kafin ki ba ta kunu, cokali-cokali. Kada a yi mata ɗura, don abinci na iya bi ta huhu ya haifar da limoniya.

Sannan ki zauna da maigida cikin ladabi, ki ce: "Ciwon Iya na asibiti ne, a kai ta likita ya gani, a kuma tambaya ko ma'aikaciyar lafiya za ta riƙa leƙo mu." A raba kwanan jinya da 'ya'yanta da facaloli, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta manta sunanki, amma tana jin taushin hannunki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.