Ruwa a Wayoyin Motar Lantarki: Ta Ina Yake Shiga, Me Yake Ɓatawa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar motar lantarki ta sauko daga shafukan jaridu ta dawo teburin mai shayi. A da sai dai a labarai muke ji: an haɗa Hyundai Kona mai batir a Legas a 2020, hukumar NADDC ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, Mustapha Gajibo yana mayar da ƙananan bas zuwa lantarki a Maiduguri. Yanzu kuwa babura da keke masu batir sun fara yawo a titunanmu. Kuma duk inda aka tayar da zancen, sai wani ya jefo tambayar nan: "To idan damina ta sauka fa? Ai wuta da ruwa ba sa ga maciji."

Tambayar tana da tushe, sai dai yawancin masu yin ta suna hango direba ne ya shiga kududdufi wuta ta ja shi nan take. Wannan da wuya ya faru. Ɓarnar da ruwa yake yi wa waɗannan motoci ta fi kama da aikin gara: a hankali, a ɓoye, sai bayan kwanaki ko watanni abin ya fito fili. Kuma mu da za mu fita da difloma a hannu, musamman 'yan sashen lantarki da na injiniyan motoci, mu za a riƙa kawo wa su.

Motar lantarki gida biyu ce a rufi ɗaya. Akwai babban batir, wanda galibi yake shimfiɗe a ƙarƙashin mota, ƙarfinsa wajen bolt 400, a wasu kamar Porsche Taycan da Hyundai Ioniq 5 ya tasam ma 800. Shi ke juya injin. Wayoyinsa masu kauri ne, kuma launin ruwan goro ake yi musu don kowa ya gane ya kiyaye. Sai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace Golf ko Corolla. Shi ke riƙe da fitilu, gilasai, makullan ƙofa da kwamfutocin mota. Shi ne ma yake rufe manyan makunnan nan da muke kira kontakta, waɗanda ke sakin wutar babban batir. Ƙaramin ya mutu, babban ko cike yake taf, mota ba za ta motsa ba.

Ga inda hikimar take. A tsarin bolt 12, ana ɗaure wayar nagatif a jikin mota, ƙarfen motar ya zama hanyar dawowar wuta. A babban tsarin ba haka ake yi ba. Wayoyin biyu duka a killace suke, babu wadda ta taɓa bodi. Saboda haka ko ruwa ya haɗa waya ɗaya da ƙarfen mota, da'ira ba ta cika ba tukuna, sai an sami ɓaraka ta biyu a ɗaya ɓangaren. Kafin a kai ga haka, akwai wata na'ura da aikinta kenan dare da rana: auna turjiyar da ke tsakanin babbar wuta da jikin mota. Ƙa'idojin duniya sun sa mafi ƙarancinta ya zama om 100 a kan kowane bolt a ɓangaren DC, da om 500 a ɓangaren AC. Mu ɗauko dokar Ohm da aka sha ba mu a aji: bolt 400 sau 500 ya ba da om 200,000, wutar da za ta iya zurarewa ta nan ba ta wuce miliamp 2 ba. A om 100 kuwa, miliamp 10 ne. Ka kwatanta da na'urar kariya ta wayarin gida, wadda aka saba saitawa ta yanke a miliamp 30. Da turjiyar ta faɗi ƙasa da iyaka, mota za ta kunna gargaɗi, ta ƙi karɓar caji, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya. Mai mota zai ce ta lalace. A gaskiya aikinta take yi.

Wani zai ce ai an rubuta IP67 a jikin batir. Haka ne, da yawa suna da wannan lamba. Amma me take nufi? Lamba 6 tana cewa ƙura ba ta shiga. Lamba 7 tana cewa an nutsar da abin a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti talatin bai sha ba. Ruwa mai tsabta, wanda ba ya gudu, a kan sabon kaya. Ba a yi alkawarin kwana biyu cikin ambaliya ba, ba a yi alkawarin bayan shekara bakwai a zafin Sakkwato ba, lokacin da robobin da ke toshe bakin soket suka bushe suka tsattsage. Kuma lambar ta akwatin batir ce. Sauran ɗaruruwan mahaɗan waya da ke cikin ƙofa, ƙarƙashin kujera da bayan bamba, kowanne da irin tasa kariyar, wasu ma ba su da ko ɗaya saboda ba a yi tsammanin ruwa zai je wurin ba.

To ta ina yake zuwa? Hanyar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta cikin wayar kanta. Wayar mota silili ne na jan ƙarfe da aka murɗe aka sa musu riga. Tsakanin silin akwai 'yan ƙananan ramuka, ruwa kuwa yana bin su kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Sai ka ga ɓarakar tana kusa da fitilar gaba, amma ruwan ya je ya fito a cikin kwamfutar da ke ƙasan sitiyari. A nan ne nake da magana da wasu masu rewaya. Dabarar nan ta soka allura a jikin waya don a gwada ko akwai wuta, sannan a naɗe da salatif ko a bar ta haka, ƙofa ce ake buɗe wa ruwa. Ramin allura ya ishe shi.

Zafi da sanyi ma suna da hannu. Akwati ko soket ya yi zafi bayan doguwar tafiya, iskar cikinsa ta buɗe. Sai a tsunduma cikin ruwan sanyi, iskar ta tsuke, abin ya tsotsi ruwa ta duk inda roba ta yi rauni. Sauran hanyoyin na yau da kullum ne: ganyen darbejiya ya toshe magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, bututun ruwan AC ya toshe ya riƙa ɗiga a ƙarƙashin kafet, ɓera ya ci waya, ƙasan mota ya gogi tudun rage gudu. Sai kuma gidan wankin mota, inda yaro zai saita bakin injin feshi kai tsaye a kan soket don ya burge mai mota.

Ruwa zalla, wanda aka tace, ba ya ɗaukar wuta sosai. Gishiri da sauran abubuwan da suka narke a cikinsa su ke mayar da shi hanya. Ruwan kwata, da sabulu da taki da komai a ciki, ya fi ruwan sama illa nesa ba kusa ba. Idan irin wannan ya zauna tsakanin ƙafafu biyu na soket masu wuta, sai ƙarfen ɗaya ya riƙa narkewa yana tafiya wajen ɗayan. Jan ƙarfe ya yi kore, farin gari ya taru. Ko ruwan ya bushe, gishirin yana nan, kuma da iska ta yi laima zai sake jiƙewa. Shi ya sa za ka ji an ce mota lafiya lau take da rani, damina na sauka ta fara aljanu.

Aljanun nan galibi daga ƙaramin tsarin suke fitowa. Kwamfutocin mota suna magana da juna ta wasu tagwayen wayoyi da ake kira CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Saƙon yana tafiya ne ta ɗan bambancin bolt tsakanin wayoyin biyu, don haka tsatsa kaɗan ta isa ta hargitsa shi. Soket ɗaya ya jiƙe, sai allo ya cika da gargaɗin birki, sitiyari, batir, duk a lokaci guda, alhali dukkansu ƙalau suke. Bakaniken da bai gane ba zai fara canza kaya ɗaya bayan ɗaya, kuɗin mutum ya ƙare, matsala tana nan. Da ya cire ƙaramin batir ya sa mita tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin OBD, da ya sami haske: a yawancin motoci om 60 ya kamata ya gani, saboda akwai turjiya mai om 120 a kowane ƙarshen layin. Ya ga abin da ya yi nisa da haka, ya san layin zai bi. Akwai kuma wata siririyar waya da ke ratsa duk manyan soket masu ruwan goro, aikinta ta shaida wa mota cewa babu wanda aka zare. Tsatsa ta yanke ta, mota za ta ɗauka wani ya zare soket, ta kashe babbar wuta. Wayar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba ta tsayar da motar miliyoyi.

Kada a ɗauka sai tsohuwar mota. A 2019 kamfanin Audi ya janye ɗaruruwan sababbin e-tron a Amurka, saboda wata roba da ba ta toshe da kyau ba tana iya barin laima ta bi ta hanyar wayoyi ta kai ga babban batir. A 2024 Volkswagen ya janye ID.4 kusan dubu 99 a can Amurka, don ruwa yana shiga allon lantarkin da ke cikin mariƙin ƙofa, ƙofa ta iya buɗewa da kanta ana cikin tafiya. Wanda ya fi koyar da darasi a ganina shi ne na 2012. Guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin tashar jiragen ruwa ta Newark, motocin Fisker Karma 16 suka ƙone. Kowa ya zargi babban batir. Binciken kamfanin ya nuna gishiri ne ya haɗa wuta a wata kwamfuta mai bolt 12 a mota ɗaya, iska ta kai wutar ga sauran.

Ba wai babban batir ba ya kamawa ba. Bayan guguwar Ian a jihar Florida a 2022, motocin lantarki da ruwan teku ya shanye sun riƙa kamawa da wuta, wasu bayan kwanaki da janyewar ruwan. Gishiri ya yi gada tsakanin ƙwayoyin batir, ɗaya ta yi zafi ta kunna ta kusa da ita, haka har akwatin ya tashi. Wutar lithiyam tana da taurin kai, tana cin ruwa mai yawan gaske kafin ta mutu, kuma tana iya sake tashi. Shawarar da hukumomin can suke bayarwa ita ce a ajiye irin wannan mota aƙalla mita 15 daga gida ko wata mota.

Mu nan Arewa ba mu da teku, wannan sauƙi ne. Amma muna da ambaliya. Wanda ya ga Maiduguri a Satumban 2024, bayan fashewar madatsar Alau, ya san motoci na iya kwana a ruwa har rufi. Muna kuma da wata ƙofar: yawancin motocinmu na hannu ne, kuma a cikin waɗanda ake sayowa a gwanjon Amurka akwai waɗanda kamfanonin inshora suka yafe saboda ambaliya. A wanke, a goge, a fesa turare, a sa a jirgi. Motar fetur da ta sha ruwa takan wahalar da mai ita. Ta lantarki da ta sha ruwan gishiri tana iya tashi da wuta a garejin gida cikin dare. Duk wanda ɗan uwansa zai sayi irin wannan mota, ya sa a binciki tarihinta da lambar VIN, ya ɗaga kafet ya sunsuna, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba tabon laka, ya zare soket biyu ko uku na ƙarƙashin kujera ya nemi kore-kore. A kuma karanta adadin turjiyar nan ta babban batir da kwamfutar gwaji kafin a biya ko sisi.

Caji a cikin ruwan sama, wanda mutane suka fi tsoro, shi ne mai sauƙin. Cajar kirki ba ta sakin wuta sai ta gaisa da mota ta tabbatar an soke ta daidai. Haɗarin yana wajen namu wayarin: doguwar waya da aka jawo daga ɗaki, mahaɗinta na kwance a tsakar gida cikin ruwa, gidan kuma ba shi da wayar ƙasa. Masu keke da babur su suka fi faɗawa wannan. Nasu batirin bai cika wuce bolt 48 zuwa 72 ba, amma toshiyarsu ba ta kai ta mota ba, kuma a baburan da injin yake cikin taya, ruwa kan bi wayar da ta shiga ta gatari.

Idan ruwa ya riga ya haura ƙasan ƙofa, kada a kunna, kada a sa caji "don a gani". A ɗauke ta a kan babbar mota mai shimfiɗa, domin jan ta da igiya tayoyi na juyawa yana sa injin ya haifar da wuta. Ku kuma 'yan uwa masu zuwa SIWES a gareji, don Allah, wayar ruwan goro ba wurin gwada jarumta ba ce. Ana buƙatar safar hannu mai jure bolt 1,000, a zare makatsar babban batir, a jira mintunan da kamfani ya ƙayyade don kafasito su sauke abin da suka tara, sannan a sa mita a tabbatar sifili ne kafin hannu ya taɓa ƙarfe. Ko bayan an yi duk wannan, cikin akwatin batirin kansa yana nan da wutarsa.