Ko ka sani? Rediyon motarka ba aljani ya shige shi ba

Direban da ya tashi daga Zinder ya nufi Tanut ko Magariya ya san abin nan: ana cikin jin labaran Anfani ko na Muryar Sahel, sai rediyo ya yi shiru, lambobi su kama gudu da kansu, can ya tsaya kan wata tasha da ba wanda ya nema. Fasinja su ce ya lalace. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, umarnin da aka ba shi tun a Turai yake bi.

Galibin motocinmu na hannu ne, waɗanda aka sauke a Kwatano ko Lome. Rediyon na Turai yana ɗauke da wani tsari mai suna RDS, wanda ƙungiyar gidajen rediyon Turai ta fitar a 1984. A can tasha guda tana da turakun watsa shiri barkatai, kowanne da lambarsa. Idan an kunna maɓallin AF, da zarar murya ta raunana sai rediyo ya nemi tashar nan a wata lamba. Shi kuwa TA aikinsa farautar tashar da ke sanar da cunkoson hanya, kuma wasu rediyoyin ba sa zama wuri ɗaya sai sun samo ta. To wa zai ba ka labarin cunkoso tsakanin Mirriya da Gure? Haka zai yi ta yawo. Ka kashe maɓallan biyu kafin ka biya kowa ko dala.

Motar Amurka tata matsalar daban: rediyonta yana tsallake lamba, daga 88.1 sai 88.3, don haka tashar da ta faɗo tsakani ba za ta fito garau ba. Wanda aka ƙera don kasuwar Japan kuma, tsohon ƙira, daga 76 yake farawa ya ƙare a 90, alhali namu zangon daga 87.5 ne zuwa 108.

Akwai kuma halin FM kansa. Miƙe yake tafiya kamar haske, ba ya bin lanƙwasar ƙasa, shi ya sa tudu ko manyan duwatsun nan irin na unguwar Birni a Zinder kan iya tare shi. Idan tashoshi biyu suka haɗu a lamba ɗaya, mai ƙarfin ce ke danne ɗayar ɗungurungum. Wanda ya doshi iyakar Najeriya ta Matamaye yana iya jin wata murya ta ƙwace wuri ba sallama.

Sauran laifin na gida ne. Eriyar FM tsawonta kusan santimita 75 ne, kuma wanda tasa ta karye ya maye gurbinta da guntun waya ya rage wa kansa ji. Tsatsa a gindinta ma haka. Ƙurar hunturu kan maƙale cikin maɓalli har ya riƙa danna kansa a kan gargada. Cajar waya mai arha tana zuba ƙara, zare ta ka ji bambanci.

Idan kuwa kullum ka kashe mota tashoshin da ka ajiye sun goge, ka ce wa mai gyaran wuta ya duba bayan rediyon. Rawayar waya ita ce ke zuwa batir kai-tsaye don riƙe ajiya, ja kuma ta makulli ce. An sha haɗa su a juye.